Manzo da Baƙar Taga

Sau uku Manzo yana danna maɓallin nan, sau uku jan rubutu yana fitowa. Ya gyara zaman tabarau, ya ƙura wa allon ido kamar mai nazari, alhali ba kowa a rumbun sai shi da buhunan gero.

Shekara goma sha ɗaya yana shugabancin bankin cimaka na Urno, kuma duk garin ba wanda ya san bai iya karatu ba. Yo wa zai sani? Mutum ya yi shekara ashirin yana cin-rani a Abijan, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, alƙalami biyu a aljihun gaba. In takarda ta zo sai ya dube ta ya gyaɗa kai, ya miƙa wa sakatarensa Abdoulkadir ya ce a karanta wa jama'a su ji. Ko takardar ɗaukar aiki da ƴarsa Bushira ta kawo daga Tawa, haka ya gyaɗa mata kai ya sa albarka. Saƙon waya kuwa, wani mai gyaran salula a Ƙonni ya saita masa ta tana karanta rubutu da murya. Sai ya sa abin kunne ya saurara.

Sai ga mutanen proje masu tallafa wa bankin sun kawo wata ordinata, wato kwamfuta, ƴar falale, ba ta fi faranti nauyi ba. Sunayen gidajen da abinci ya ƙare musu za a riƙa aikawa, kuma don a rufa wa mutane asiri, sai ta wata manhaja mai kulle saƙo. Shugaba kaɗai zai taɓa ta. Ran Alhamis za su dawo su gani. In bai iya ba, a ba wanda ya iya. Suka bar masa lambar mai gyara na ofishinsu suka tafi.

Yau Laraba. Manhajar ta ƙi hawa, wai irin wannan ordinata sai an buɗe mata wata baƙar taga an rubuta umarni da hannu.

Ya aika wa mai gyara saƙon murya da Faransancinsa na Abijan. An jima kafin amsa ta zo, kuma a rubuce ta zo. Salular ta karanta masa da muryarta ta ƙarfe: "Barka da rana, shugaba. Ku gaya mini abin da jan rubutun ya ce."

Manzo ya ce hasken rana ya yi wa allon yawa. Aka ce ya matsa inuwa. Ya ce tabarau ɗinsa sun tsufa. Aka ce ba komai, ko kalmar farko kaɗai ta isa. Zufa ta jiƙe masa hula. Kunya ce ta kama shi. A waje yana jiyo Abdoulkadir yana dariya da masu amalanke, kira ɗaya zai zo, kuma kafin magariba duk Urno ta ji.

To, shi wannan mushe, wato malamin gyaran, baƙo ne, yana can nesa, ba za su taɓa haɗuwa a kasuwa ba. Manzo ya rufe ƙofa, ya kai wayar bakinsa.

Ya faɗa masa duka. Ya ce ko sunansa bai iya ganewa a takarda. Da bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa: ya ce shekara da shekaru yana duba littafin lekwal na ƴarsa in ta taso daga makaranta, yana yi mata faɗa kan abin da bai san mene ne ba, har ya taɓa sa ta kuka ranar da ta zo ta ɗaya a aji, don ya ga jan alƙalami ya ɗauka faɗuwa ce. "Mushe, don Allah ka rufa mini asiri. Garin nan ma da sauƙi. Yarinyar nan ce ba na so ta ji har in mutu."

Ya zauna kan buhu yana kallon wayar, yana tsine wa bakinsa.

Da amsar ta zo, gajeruwa ce. "Ba wanda zai ji daga bakina. Ku ɗauki hoton allon ku aiko."

Daga nan aiki ya sake salo. Ba a ƙara ce masa ya karanta komai ba. Hoton maɓallan ake aiko masa, an zagaye ɗaya da ja, ya nemo shi ya danna, sannan na gaba. Harafi ɗaya ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a wake. Sau biyu yana kuskure a koma farko, mai gyara bai ƙosa ba. Da la'asar ta yi ma, mai gyaran ne ya ce a dakata a yi salla, a sha maganin hawan jini, ordinata ba za ta gudu ba. Manzo ya ce a ransa, wannan yaro ɗan gidan mutunci ne.

Bayan salla baƙar tagar ta yi ta zubo rubutu, ta tsaya. Wani zane mai kusurwa huɗu ya fito, aka ce ya haska shi da salula. Ya haska. Allon ya washe. Alhamdulillahi! Manzo ya cire tabarau ya share idonsa da hannun riga.

"Saura gwaji," in ji muryar ƙarfe. "Doka ce in aiko muku saƙon farko ta cikinta da kaina. Na nemi wani ya karɓe ni, duk sun tashi. Ku yi haƙuri."

Haƙurin me kuma? Yana shirin aika godiya ordinatar ta yi ƙara. Saƙo ya shigo, layi biyu, bai san abin da suka ce ba. Amma a gefensu manhajar ta sa hoton mai aikowa, kuma wannan kam bai buƙaci kowa ya karanta masa ba. Bushira ce.