Hayaƙin Tanderu

"Hura wutar, tsoho," in ji kwamandan. "Yarana na jin yunwa."

Mai burodi ya tofar da jini haɗe da rabin haƙori. Ɗansa, wanda ya tsere daga rundunar kwamandan, yana kwance cikin tanderun, bayan itace. Murmushin kwamandan ya nuna ya sani.

"An ce kai ɗan coci ne. Ina Sarkin naku na sama? A garin nan ni ne Allah."

Matar tsohon ce mai amsa irin wannan tambaya, ita ce takan karanta masa labarin mutum uku da aka jefa wuta suka fito ko gashinsu bai babbake ba. Bam ɗin kwamandan nan ne ya kashe ta a bayan gidan, ya huda gindin tanderun ta baya. Tun da ya liƙe ramin da laka, bai sake cewa amin ba.

Suka karya masa yatsu, ya ƙi hura wutar. Sai kwamandan ya watsa fetur, ya ƙyasta ashana, ya rufe ƙofar ƙarfen tanderun.

Suka tsaya jiran ihu. Shiru.

Ta taga tsohon ya hango hayaƙi yana tuɗaɗowa ta baya, ƙasa-ƙasa. Lakar ta faɗi. Ramin ya ishi kafaɗun mutum, ya ishi ɗansa ficewa.

"Me kake wa dariya?" in ji kwamandan.

"Ba komai, ranka ya daɗe," ya ce. "Ashe kai ma ɗan aiken Sarkin sama ne."