Wanda Ya Riga Malam Mannir

Malam Mannir ya danna yatsa cikin zanen tayar, ya kai fuskarsa kusa har hancinsa ya taɓa roba, sannan ya ture ta gefe.

"Wannan ta Fijo ce, Salisu. Ɗari da saba'in da biyar. Na ce maka ɗari da sittin da biyar."

"Haba Malam, goma ce fa kawai tsakani," in ji Salisu mai faci, wanda ya taɓa zama ɗalibinsa.

"Da maki goma ka maimaita aji huɗu."

Kuma gaskiyar Malam ce. Motarsa ba ta haya ba ce. Ja ce, ƙirar Ingila, kujera biyu, rufin tamfol, ya saye ta tun yana ƙaramin malami a hannun wani Bature da ke aikin auduga a Gusau. Ƙafafunta na waya ne kamar na keke, don haka sai taya siririya mai ɗaukar tib, mai laushin gefe, wadda zanenta ke kore ruwa a kan kwalta. A sa mata mai faɗi, sitiyari ya yi nauyi. Tun da ya yi ritaya take kwance a gidansa na Tudun Wada, tayoyinta duk sun tsage. Sau ɗaya ya fito da ita bara, katangar maƙwabci ta karce mata gefe, katangar da har gobe Malam ke cewa an gina ta ba bisa ƙa'ida ba.

Yanzu kuwa, a damanar 1998, auren autarsa Juwairiyya ya zo. Tun tana tatata ya yi mata alkawarin cewa a jar motar nan za a kai ta gidan miji, kuma shi zai tuƙa. Mijin mutumin Karakkai ne. Malam bai taɓa saɓa alkawari ba, bai kuma ga dalilin farawa da ɗiyarsa ba.

Salisu ya yi cigiya, ya samo labarin guda biyu a tsohuwar kasuwa. Malam ya sanar da matarsa Kulu a kan tuwo, ta ce Allah ya sa a dace. Washegari ya karya a tsanake, ya saurari labarai, ya sa rigar da aka goge, ya tafi.

"An riga ka, Malam," in ji mai shagon. "Wani dogon mutum mai sanda ya kwashe su da sassafe. Bai ko taya ba."

Malam ya koma gida hannu rabbana. Aka ce akwai wasu a Tsafe, wajen wani mai kayan gwanjo. Kulu ta tambaye shi ko ta wace unguwa, don ta aika gaisuwa ga 'yan'uwanta na rugar 'Yankuzo, waɗanda saboda hidimar biki ba su rabuwa da gidan, har nono ya ishi kowa. Malam ya hau motar haya, ya isa, ya tarar da fili inda tayoyin suka kwana. Dogon mutum mai sanda.

A Bungudu ma haka. Mai shagon ya ƙara da cewa mutumin ya karanto lambar ne kamar mai hadda, da alama bai san gaba da bayan mota ba.

To wannan zalunci ne, ba wani suna gare shi ba. A faɗin Zamfara mota ɗaya ce ke sa wannan taya. Wanda ke bi yana kwashewa ba mota yake nufi ba, mai motar yake nufi. Kuma Malam ya san ko wane ne: Alhaji Abdu dillalin motoci, wanda ya daɗe yana zawarcin jar motar ana korarsa.

Ya shiga rumfar Alhaji ba ko zama. Ya nuna shi da yatsa, ya jero laifuffukansa ɗaya bayan ɗaya, ya nemi a fito da tayoyin a kuma ba shi haƙuri a gaban shaidu. Yana tsakiyar laifi na uku wata murya ta fito daga bayansa.

"Ga ni nan, Malam. Wanga da kake ma faɗa ƙanena ne."

Rumfa ta kwashe da dariya. Alhaji Abdu ya rantse bai san zancen ba, har ya ce zai ba da Fijo da direba a kai amarya. Malam ya ce zai yi tunani, amma ƙara na nan, sai ta kai gaban shugaban masu sayar da taya.

Ranar biki ta zo, jar mota na bisa duwatsu. Da la'asar Juwairiyya ta durƙusa gabansa tana kuka, ta ce ta yafe alkawarin. Ya ce shi bai yafe wa ɓarawon ba. Aka sa ta a Fijo, Kulu da 'yan rakiya suka cika sauran motocin, Malam ya tsaya a ƙofar gida yana ɗaga wa motar kaya hannu yana sa wa ɗiyarsa albarka.

An isa Karakkai lafiya, ko kaza ba a taka ba. Mata suka yi guɗa, suka shiga ganin jere, suna yaba sababbin randunan amarya da abin da aka girke su a kai. Tayoyi ne sirara, masu laushin gefe, waɗanda Kulu ta sa yayanta Dogo ya bi gari-gari ya kwaso don kada Malam ya tuƙa amarya da idon da ya daina gani sosai, ta kuma jere su a wuri ɗaya tak da ta tabbata mijinta ba zai taɓa sa ƙafa ba: ɗakin auren ɗiyarsa.