Ranar da Inna ta hana ni rungumarta

Ina 'yar firamare a Sandamu. Wata la'asar na dawo da gudu na tarar da Inna tana sheƙar gero. Na buɗe hannu zan rungume ta, sai ta tare ni da ƙwarya.

"Tsaya nan, uwata. Kar ki taɓa ni sai na yi wanka."

Na fashe da kuka, wai ta daina sona. Sai ta janye mayafi ta nuna min wuyanta. Duk ya yi ruɗu-ruɗu, ta sosa har jini. Ƙaiƙayin gero ne, duk kaka haka yake mata.

Ta ce, "Fatarki irin tawa ce. Ni kaɗai ma ya isa."

Yanzu ina Kano. Duk zuwana gida sai na kai mata man kaɗanya, kuma ni ke shafa mata da hannuna.