Ramin Bayan Ɗaki

Tun da naƙuda ta kama 'yarta Hansatu, Inna Tabawa ta sa aka haƙa rami a bayan ɗaki, inda ake binne mabiyiyar duk wanda aka haifa a gidan. Ta wanke 'yar tukunya, ta rungumo ta har asibiti.

An sami mace. Tabawa ta miƙa wa nas tukunyar.

"'Yar nan, sa min mabiyiyar in je in rufe, kafin rana ta yi zafi."

Nas ta kalli shuɗin ɗigon da ke wuyan hannun Hansatu, alamar waɗanda kamfani ya raba da ciwon sikila.

"Mama, ba a bayarwa. Gyaran da aka yi wa jininta tana ƙarama mallakar kamfani ne. Duk abin da ya fito daga jikinta, nasu ne."

"Ni na haife ta, ni na sha jinyarta! Ko kitso aka tsefe mata sai na tara musu gashin a leda, ban ce uffan ba. Yanzu har abin binnewa?"

Wani mutum mai farar safar hannu ya shigo da akwatin sanyi, ya ɗauke mabiyiyar, bai gaishe da kowa ba. Sai ya tsaya a kan jaririyar, ya juya ɗan hannunta, ya daɗe yana dubawa.

 Tabawa ta damƙo rigar nas.

"Kin ce duk abin da ya fito daga jikinta. Yarinyar fa?"

Nas ta sunkuyar da kai, tana ta gyara zanen gadon da babu abin da ya same shi.

"Ita da saura tukuna, Mama. Maganar tana kotu."