Baiti na Uku

Saura kwana biyu a yi taron gangami kan gurɓatar rafi, Malam Isyaku ya sauka daga adaidaita sahu a Bompai. Ya daɗe a bakin titi yana gyara hularsa, alhali ba ta karkace ba.

Shi ne shugaban kwamitin mutanen Panshekara masu neman haƙƙinsu a wajen wani kamfanin fata na Challawa. Shekara da shekaru kamfanin yana sakin dagwalonsa cikin rafi duk sanda aka yi ruwan sama, don a ce ambaliya ce. Rijiya goma sha ɗaya ta lalace. Albasa ta daina yi a fadama. Yara uku suna zuwa wankin ƙoda, kuma har yau babu wanda ya tako ya ce musu ko sannu. An zaɓi Isyaku ne saboda ya yi shekara ashirin da biyu a kamfanin, in lauya ya yi tambaya kan kwata ko bututu, shi kaɗai ke amsawa babu gargada.

Amma a faɗi gaskiya, ba kwamiti ne ya sa duniya ta ji ba. Waƙar Garwashi ce.

A Kumbotso aka haifi Garwashi. Hula a ka, lalle a hannu, kwalli a ido, kuma duk wanda ya tambaya amsa ɗaya yake samu: ni ba namiji ba, ba mace ba, ni Garwashi. A kan haka an yi jifa, an yi tofin Allah tsine, masu gidan haya biyu sun watso kaya waje. Ko a kamfanin fatar an taɓa ɗaukar Garwashi aiki, aka sallama bayan wata biyar, kowa ya ce ai dama da wannan shiga ba a daɗewa. Daga nan sai rubuta waƙoƙi, da gambarar zamani, da yawo rijiya rijiya da kwalabe ana ɗibar ruwa a kai gwaji. Baiti biyu na waƙar rafin sun shiga kowace waya a Kano. Na ukun aka ce sai ranar taro, a gaban jama'a. Mutane suka yi ta raɗe-raɗin sunan mai kamfani za a kama.

Jiya a zaman kwamiti Isyaku ya miƙe ya ce kada a bar Garwashi hawa dandamali. Ya ce limamai za su janye, fasto ma haka, mai unguwa ba zai zauna ba, 'yan jarida kuma su bar maganar ruwa su koma kan lalle da hula. Ya yi magana da kyau, kamar yadda ya saba. Esta, sakatariyar kwamitin, wadda ɗanta Timoti yake cikin yaran nan uku, ta ajiye bironta.

"Malam, ranar da na kai Timoti asibiti ana neman jini, ba liman na gani ba, ba fasto ba. Ka san wanda ya miƙa hannu."

Bai dube ta ba. Aka ƙirga hannuwa, bakwai suka bi ra'ayinsa, biyu suka ƙi. Da aka zo wanda zai kai saƙon, kafin kowa ya buɗe baki ya ce shi zai je, kuma shi kaɗai.

Ɗakin ɗaukar waƙar yana bayan wata tsohuwar masaƙa da aka rufe tun tuni, an manna kwalayen ƙwai a bango don tare ƙara. Garwashi na zaune a kan benci da littafi a cinya. Aka gaisa, aka tura masa kujera. Ya zauna a gefenta kamar wanda aka kawo ƙara. Ya rasa ko ka zai ce ko ki, sai ya riƙa cewa ku, kamar yana gaban hakimi.

Ya maimaita duk abin da ya faɗa jiya, amma yau maganar ta ƙi zama a bakinsa. Ya ambaci limamai sau uku. Ya ce ba ƙiyayya ba ce, maslaha ce, saboda yaran ne. Idonsa na kan siminti. Ya roƙa kuma, tunda abin ya zo da haka, a bar baiti na ukun gaba ɗaya, ko a waya kada a sake shi, don kada a ba kamfani hujjar cewa an ɓata masa suna.

Wata tirela ta wuce a waje, ƙofar langa-langa ta girgiza. Sai ya ji an yage takarda daga littafin, aka ɗora masa a gwiwa.

Ya karanta da ƙyar. Baiti na ukun ne, layi goma sha biyu. Sunayen yara uku, da shekarunsu, da abin da kowanne yake so ya zama. Ya juya bayan takardar, babu komai.

"Ba zan zo ba, tunda haka kuka yanke," in ji Garwashi, a hankali. "Ka kai wa Esta, ta karanta da bakinta. Amma da tambayata ka yi tun farko, Baba Isyaku, da na hutar da kai. Ranar da na ƙi buɗe famfon dagwalon aka kore ni, na ga hannun da aka mayar wa makullin. Ban faɗa wa kowa ba, kuma ban yi niyyar faɗa ba, cewa wanda yake buɗe shi duk damina, shekara goma sha huɗu, kai ne."