Maman Gado Shida

Ƙarfe takwas na safe ake fara wankin ciwo a sashen masu ƙuna, kuma duk wanda ya taɓa jin kukan wannan lokacin ba ya sake wasa da ashana. Sista, ma'aikaciyar jinya a sashen, ta shekara goma sha huɗu a wannan aiki. Kunnenta ya saba, hancinta ya saba. Abin da ta kasa sabawa da shi ɗaya ne, gadon da babu kowa a gefensa. Mai ƙuna ba magani kaɗai yake buƙata ba. Sai an juya shi, an share masa gumi, an sa hannu a takarda kafin a shiga da shi tiyata. Ta sha gani da idonta, wanda ba shi da mai jinya shi ke fara tafiya.

Haka Gado Shida ya zo, ba uwa ba uba. Wuta ce ta tashi a ɗakin fenti na wani garejin motoci, ƙofa ta cije da mutum biyu a ciki. Ɗayan ko ta sashen ba a biyo da shi ba. Wannan kuwa ya iso da sauran numfashi, fuska da ƙirji da hannuwa duk sun saluɓe, hayaƙi ya ƙone maƙogwaro, aka zura masa bututu. Maigidansa ya kawo suna, ya ce baƙo ne a garin, ya tafi neman ruwa bai dawo ba har yau.

A rana ta huɗu wata tsohuwa ta bayyana, idanu a kumbure, tana rungume da wata hular aiki mai ɗigon fenti. Ta tambayi gadon wanda aka ciro daga gareji, ta ja kujera ta zauna. Daidai lokacin likita yana faɗa, naman hannun ya fara ruɓa, in ba a kankare yau ba sai yankewa, ga shi babu mai sa hannu. Sista ta miƙa mata takarda.

"Mece ce dangantakarku?"

"Rubuta uwa," in ji tsohuwar, ta dangwala yatsa.

Sista ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka. A sashen nan ba a kiran mutum da sunansa, lambar gado ce sunan kowa, har masu jinya. Kafin azahar tsohuwar ta zama Maman Gado Shida, kuma ba wanda ya sake tambayar ta komai.

Da a ce ana ba masu jinya lambar yabo, da ita ta cinye. Ta koyi juya shi ba tare da ta taɓa ɗanyen wuri ba. Ta koyi karanta na'urar numfashi har tana kama sababbin ma'aikata da kuskure. Sai dai tsufa ya ci ƙwaƙwalwa, a ganin Sista, don an tambaye ta shekarunsa ta ce a duba katinsa, an tambaye ta ko akwai maganin da jikinsa ba ya so ta ce a gwada a gani. Mata suna zuwa mata rukuni-rukuni, su tsaya a baranda su yi magana ƙasa-ƙasa, su share hawaye su tafi, ba mai leƙa marar lafiyan. Sista ba ta ga laifinsu ba, ba kowane ido ke iya kallon ƙuna ba.

Abu ɗaya ne ya riƙa sosa mata rai. Sauran iyaye tambayarsu ba ta wuce zai tashi, fuskar za ta dawo, hannun zai yi aiki. Ita wannan kullum tambayarta guda.

"'Yata, yaushe zai yi magana?"

Aka yanko fata daga cinyarsa aka dasa a hannu, ta kama. Sista ta zo da albishir har tana rawar jiki. Tsohuwar ta gyaɗa kai kawai, ta ce, "To maƙogwaron fa?"

A rana ta goma sha tara zazzaɓi ya shigo. Sista ta kwance bandeji ta ga koren ruwan da ta fi tsana a duniya, ƙwayar cuta ta shiga jini. Aka canja magani sau biyu, jiki ya ƙi karɓa, ƙoda ta fara gajiya. Likita ya ja ta gefe ya ce maƙogwaro dai ya warke, amma sauran ba a hannunsu yake ba, a cire bututun ya samu ya yi sallama da mahaifiyarsa. Sista ta shiga ɗakin magani ta yi kukanta a tsaye, ta wanke fuska ta fito. Tausayin tsohuwar ya fi na yaron cin ta.

Sista ce ta zare bututun da hannunta. Ya yi tari mai tsawo, ya buɗe ido ta tsakanin bandeji.

"Sannu," in ji Sista. "Ga mamarka nan, sama da kwana goma sha biyar ba ta matsa daga gefenka ba."

Idanun suka sauka kan tsohuwar, suka wuce ta, suka dawo kan Sista suna tambaya. Sista ta ce a ranta aikin allura ne. Amma da tsohuwar ta ɗaga hular nan mai ɗigon fenti, sai ƙirjinsa ya fara hawa da sauka, hawaye ya jiƙa audugar fuskarsa.

Tsohuwar ta durƙusa a kan gwiwoyinta, ta kai bakinta dab da kunnensa.

"Yaro, ba ka san ni ba, ka yafe mini. Kai kaɗai ne a ɗakin nan tare da ɗana lokacin da ƙofar ta cije. Faɗa mini gaskiya, ya daɗe yana shan wuya? Ya kira ni?"