Waken Suyan Bawku

Mma Fulera ta hau motar Bawku da kwalbar magani ƙulle a bakin zane, bakinta cike da faɗa.

Ungozoma ce, rabin zangon Salaga a hannunta ya faɗo duniya. Kallo ɗaya take yi wa amarya ta gane ta samu ciki, ta ce, "Je ki gaya wa uwarki." Ba ta taɓa kuskure ba, kuma ba ta bari a manta da hakan. Ita ce dai Allah bai ba ta nata ba.

Da al'ada ta ɗauke mata, ta rufe ɗaki ta sha kukanta, ta fito ta wanke fuska. Sai ga zufa da jiri da saurin fushi, irin na matan da girma ya cim musu. Ta san ciwon sarai, ta sha yi wa wasu bayaninsa.

Ƙanin mijinta Aruna, mai kemis a Bawku, ya aiko mata ƙwayoyin waken suya da aka shigo da su ta Togo, wai da su matan Turai ke kashe wannan wuta. Jiri kuwa ya tafi. Ta bi gida-gida tana yabon magani ba a tambaye ta ba.

Sai zane ya fara ƙin zagayowa. Ta ce wake ne, ƙiba yake sa. Ciki ya yi ta juyi. To, wa ya ci wake ya zauna lafiya? Amma da ƙafafu suka kumbura, tsoro ya kama ta, don ta ga waɗanda kumburi ya kai kushewa. Ta yanke cewa guba Aruna ya ɗura mata, kuma sai ta gaya masa ido da ido kafin ta mutu.

Daf da Yendi ramukan hanya suka tayar mata da ciwo, baya kamar zai tsinke. Ta yi kalmar shahada, ta yafe wa kowa ban da Aruna.

Direba ya tsaya. Mata suka sauke ta, suka kewaye ta da zannuwa. Wata mai doya, Memuna, ta durƙusa ta dafa cikin, ta dube ta, ta tambaya cikin Hausarta ta kasuwa:

"Mma, wane aiki ka ce kana yi a Salaga?"

"Ungozoma," in ji Fulera, tana cije leɓe.

"To, yi abin da kake gaya ma mutane. Yunƙura, ga kan yaro nan ya leƙo."